Katin Biki: Ranar da Gwaggo Ta Sa Hannu

A Maradi duk wanda ya sayi firinta ya ajiye a ɗaki, ma'aikata ya buɗe wa dangi. Shi ne ma'aikaci, shi ne mai sayen tawada, albashinsa kuma "Allah shi yi albarka". Kwafin takardar haihuwa, darasin ƴan lakol, takardar neman aiki, duk a kansa suke ƙarewa. Waɗannan ba su da wata wahala, baƙi ne bisa fari. Wahala ta same ni ne da aka sa ranar auren ɗiyar Gwaggo, aka fitar da anko na shadda shunayya, kwamitin mata ya zauna ya yanke cewa za a buga katin gayyata 200, zanen gefensa ya zo daidai da launin ankon, ba ƙari ba ragi. Bayan kati akwai hoton amarya na bango, akwai kuma sitika da za a manna wa bokitan rabo. Ba shawarata aka nema ba, sanar da ni aka yi.

Firintar tawa mai tanki ce a gefe, kwalba huɗu: baƙi, rawaya, shuɗi mai ruwan omo, da ja mai ruwan hoda. Babu shunayya a ciki, babu kore, babu fari. Duk launin da ka ga ta fitar, ƙananan ɗige-ɗige ne na waɗannan huɗun kusa da juna, ido ne ke haɗa su. Shunayya haɗin ruwan omo ne da ruwan hoda, kuma tana cikin launukan da suka fi ba masu buga takarda ciwon kai. Ka ɗan ƙara ruwan omo ta koma shuɗi, ka ɗan ƙara ruwan hoda ta koma ruwan hanta. Da kwamiti ya zaɓi ruwan ƙasa, da ban yi wannan rubutun ba.

Samfurin launi ya iso ta WhatsApp daga wayoyi uku. Na amarya, da ta ɗauka da dare ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, shuɗi ne. Na ƙawarta, da aka ɗauka a shagon tela da la'asar, ruwan hanta ne. Na Gwaggo kuwa rabinsa yatsanta ne. Kyamarar waya ita ke ƙiyasta farin wurin da kanta, sannan ta ƙara wa launi gishiri don hoto ya burge, kuma kowace waya da irin hannunta. Na ce ban karɓi ko ɗaya ba, a je wurin tela a tsinto mini ƙyalle ko faɗin tafin hannu ne. Aka kawo, tare da saƙon cewa na cika fi'ili.

Ko da ƙyalle a hannu, allon kwamfuta ba abin yarda ba ne. Shi da haske yake aiki, ja da kore da shuɗi, kowanne daga 0 zuwa 255. Takarda ba ta da hasken kanta, na ɗakin take aro ta mayar wa ido. Shi ya sa kukan kowa iri ɗaya ne: a allo hoto ya yi kyau, a takarda ya yi duhu. Masu aikin hoto suna rage hasken allo zuwa tsakanin kandela (ma'aunin ƙarfin haske) 80 da 120 a murabba'in mita, wato ƙasa da rabi a yawancin kwamfutoci, su kuma kashe wancan tsarin dare mai mayar da allo rawaya-rawaya.

Kafin komai na buga takardar gwajin kan firinta, domin tun shigowar hunturu ba ta ga aikin launi ba. Kan da ke fesa tawada yana da ramuka da suka fi silin gashi siranta, busasshiyar iskar hunturu da ƙurarta kuwa ba su da aiki sai toshe su. Gwajin yana fitar da layuka masu hawa-hawa, kowane launi da nasa. Na ruwan omo ya fito da giɓi ta ko'ina, wanda ke nufin duk shunayyar da na buga a haka ruwan hoda za ta fito. Na ba ta umarnin wanke kai, na sake gwaji. Ƙa'idar da nake bi ita ce kada wanki ya wuce uku a jere. In giɓin bai cike ba, a kashe ta, a bar ta awa 12 busasshiyar tawadar ta jiƙa, sannan a sake. Kowane wanki tawada yake sha ya zubar cikin wani soso a ƙasan na'ura, ranar da soson ya cika kuma firinta ta tsaya cak sai an kai wa mai gyara. Ana cikin wankin ne masu wuta suka ɗauke, kan ya tsaya a tsakiyar hanya bakinsa a buɗe. Wannan shi ne dalilin da ake kashe firinta da maɓallinta, ba da zare waya daga bango ba: sai ta mayar da kan mazauninsa ta rufe shi da roba. Da wuta ta dawo, giɓin ya yi ƴaƴa.

Bayan layuka sun cike, na buga kati ɗaya a takardar rubutu ta kullum, mai giram 80, don kawai a duba sunaye da kwanan wata. Ƙaddara ta kawo Gwaggo a daidai lokacin.

"Mi ne ne wanga?"

"Gwaji ne, Gwaggo, rubutun kaɗai za ku duba."

"Wanga launi na zaman makoki ne. Ɗiyata aure za ta yi."

Gaskiyarta, ya yi dishi-dishi, takardar kuma ta yi tudu da kwari saboda jiƙa. Tawada a takarda ruwa ne a ƙasa: takardar rubutu rairayin Gulbi ce da rani, kana zubawa tana shanyewa tana bazuwa, takardar hoto kuwa daɓen siminti ne, abin da ka zuba yana nan a sama kana kallonsa. A takardar rubutu ɗigo yana faɗaɗa ya shiga na maƙwabcinsa, rinin ya nutse cikin zaren takarda, baƙi ya koma toka-toka, shunayya ta mutu. Ita takardar hoto ta irin wannan firinta an shafa mata wani abu a fuska da ke riƙe rinin a sama ya tsotse ruwan.

Gwaggo ta ce in takarda ce matsala, ita za ta kawo mai kyau. Ta aiki yaro babbar kasuwa ranar Litinin, ya dawo da ƙunshin takarda mai sulɓi da walƙiya, wadda masu ɗab'i ke kira kushe. A ido ba ta da maraba da takardar hoto, kuma ta fi ta araha nesa ba kusa ba. Sai dai ita an yi ta ne don manyan injinan ɗab'i masu tawadar mai, shafinta ba ya shan ruwa. Na faɗa, aka ce rowar tawada nake yi. Na buga ɗaya. Wallahi ya fito da kyau, shunayya tana ɗaukar ido. Kafin in buɗe baki Gwaggo ta ɗauka, ta dangwala babban yatsa a kan sunan ango, ta ja. Ango ya tashi daga kati ya koma yatsan Gwaggo. Ta goge a gefen mayafi, mayafin fari ne. Da ta fita zaure, wani jikanta ya tambaye ta ko zaɓe aka yi ba a faɗa musu ba.

Gwajin takardar da ba ka sani ba mai sauƙi ne: ka jiƙa yatsa kaɗan ka taɓa kusurwa. In ta ɗan kama yatsan, tana da shafin da zai sha tawada. In ruwan ya tsaya yana yawo a sama, ka mayar wa mai ita. Haka kuma ake gane fuskar bugu a takarda marar walƙiya mai fuska ɗaya, domin in ka juya ta ka buga a baya, ka koma takardar rubutu da kuɗin takardar hoto.

Muka koma biristol, farin kati mai giram 180. Kowace takarda A4 tana ba da kati huɗu na santimita 10.5 da 14.8, ke nan takarda 50 sun isa, in ba a lissafa waɗanda za su lalace ba, kuma za su lalace. Ta baya ake saka shi, kaɗan-kaɗan, a kaɗa gefen takardun tukuna saboda a hunturu suna mannewa da juna firinta ta ja biyu. Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne layin nau'in takarda a cikin manhajar firinta. Na'urar ba ta da ido, ba ta san abin da ka cusa mata ba, abin da ka zaɓa a wannan layin shi ke faɗa mata yawan tawadar da za ta fesa da yadda za ta gauraya. Ka ce takardar hoto ce alhali biristol ne, ta yi masa ambaliya. Ka ce takardar rubutu ce alhali ta hoto ce, launi ya fito a rame, da layi-layi. Biristol bai da suna a jerin, don haka ana gwada biyu, takardar rubutu a inganci mafi girma da kati marar walƙiya, a ga wanda takardar ta ɗauka ba ta jiƙe ba. Na kuma cire bugun sauri mai zuwa da dawowa, domin shi ke barin zane-zane a faffaɗan launi.

Daga nan ban sake tambayar allo ba. Na zana akwatuna 25, biyar a tsaye biyar a kwance, kowanne santimita 2. Na tsakiya na ba shi ja 110, kore 40, shuɗi 140. Zuwa dama ja yana ƙaruwa da 10, zuwa hagu yana raguwa. Zuwa ƙasa shuɗi yana ƙaruwa da 10, zuwa sama yana raguwa. Ƙarƙashin kowane akwati na rubuta lambobinsa, na buga a kan biristol ɗin da za a yi aikin da shi, da saitin da za a yi aikin da shi. In duka sun yi duhu ko haske, a sake wani shafin a motsa kore. Wannan dabarar ba ta buƙatar allo mai tsada, domin ƙyalle da takarda ake haɗawa ido da ido, wanda ya dace a kwafi lambarsa. Sharaɗi biyu gare ta. Na farko a bar bugun ya bushe, don launin tawadar rini yana ci gaba da sauyawa bayan fitowa, awa ɗaya ita ce mafi ƙaranci, kwana guda ya fi. Na biyu a duba da rana a inuwa, ba cikin ɗaki ba, ba kuma a tsakiyar rana mai kashe ido ba. Masu ɗab'i suna da fitilar duba launi ta musamman mai awon Kelbin (ma'aunin launin haske) 5000. Ni inuwar dogon yaron tsakar gida gare ni.

Kwamiti ya hallara da hantsi. Na shimfiɗa shafin a tabarma na ɗora ƙyalle. Amarya ta nuna akwati na 8. Ƙawarta ta ce 14. Wata inna ta ce duk babu, ankon ya fi su rai. Ita ma ba ta yi ƙarya ba: shadda an buge ta da sitati tana ƙyalli, ka karkata ta nan ta yi haske, ka karkata can ta yi duhu, kuma akwai shunayyar da tawada huɗu ba za su taɓa kaiwa ba a kan kati marar shafi, ko a kwana ana fesawa. Gwaggo ta sa tabarau, ta daɗe tana kallo, ta ɗora yatsan nan da bai gama wankuwa ba a kan na 19. Magana ta ƙare. Na kwafi lambar, na adana saitin da suna, na kuma rubuta shi da biro a bayan shafin.

Bayan sallar isha'i sai ga waya daga Gwaggo. "Kai ɗan nan, launin ya gudu." Ta ɗauki shafin ta tafi da shi gida, ta duba a ƙarƙashin ƙwan ɗakinta. Rinin shadda daban, rinin tawada daban, suna iya yin daidai a hasken rana su raba gari a hasken lantarki. Farar takarda ma akan sa mata sinadarin ƙara fari, wanda ke ɗan yin shuɗi-shuɗi da rana ya kwanta da dare. Na ce, "Gwaggo, ɗaurin aure da safe ne, ku bar shi ya kwana, zai dawo." Da safe ta aiko cewa ya dawo, amma in ja masa kunne.

Na buga rabi, biristol fari ya ƙare, yaro ya koma kasuwa ya kawo mai ruwan madara, wai ya fi kama da na masu kuɗi. Firinta ba ta da farar tawada, farin takarda shi ne farinta, kuma tawadar rini ba ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. Rawayar takarda ta shiga cikin shunayya ta ja ta zuwa ruwan hanta. Sabon shafin akwatuna, sabuwar jira, kuma lambar da ta dace a nan sai da shuɗinta ya ƙaru. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma a gidanmu ranar ake shuka shi.

Hoton amarya shi ma ta WhatsApp ya zo, an matse shi ya rage. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci: hoton santimita 10 da 15 yana buƙatar ɗigo kusan 1200 da 1800, cikakkiyar A4 kuwa 2480 da 3508. Na ce a sake turowa a matsayin fayil, ba a matsayin hoto ba. Takarda mai walƙiya, giram 230, a nan firinta take nuna kuɗinta. A nan kuma ake faɗawa ramin shugabanni biyu. Ko dai Photoshop, manhajar gyaran hoto, ya riƙe launi da furofil na ICC, wato fayil ɗin da aka auna don firinta kaza da tawada kaza da takarda kaza, a kashe gyaran launi a manhajar firinta, ko kuma a bar wa firinta ita kaɗai. In duka biyu suka gyara, fuska ta fito jajur da duhu. Ƙanen amarya ya zo da kwamfutarsa zai taimaka, ya kunna duka biyun, amarya ta fito sai ka rantse zazzaɓi ke cinta. Furofil ɗin da ke zuwa da firinta ma an auna shi ne da tawadar kamfanin da takardarsa. Wanda ke ɗura tawadar kasuwa a kan takardar da ba ta da suna, gara ya bar hoton a sRGB, ma'aunin da HP da Microsoft suka fitar a 1996 wanda kusan duk wayoyi da intanet ke bi, ya bar firinta ta riƙe launi, ya gyara da hannu. Kada kuma a juya fayil zuwa CMYK, wato lissafin launi na tawada huɗu, wai don firinta tawada huɗu gare ta. Manhajarta RGB take jira, wato ja da kore da shuɗi na allo, ita za ta yi juyin.

Gyaran hannu kishiya ake bi. Fuska ta yi ja, a ƙara ruwan omo. Ta yi kore, a ƙara ruwan hoda. Ta yi shuɗi, a ƙara rawaya. Kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a lokaci ɗaya, kuma fuskar kaɗai ake yankowa a buga ƙarama a kusurwar takarda, ba a ƙona A4 sukutum a kan gwaji. Na yi haka har ta fito daidai yadda Allah ya yi ta. Na kai wa amarya ina jiran yabo.

"Taubashi, wace ce wannan?"

"Ke ce."

"Ni a wayata ba haka nake ba."

Na ce ai ango ya san wadda zai ɗauka. Ta ce in ban ƙara haske ba za ta faɗa wa Gwaggo cewa ni na ɓata mata mayafi da gangan. Na ƙara haske maki goma. Shunayyar ɗankwalinta ta bi hasken ta koɗe, sai da na zagaye fuskar na haskaka ta ita kaɗai.

Saura sitika. Takarda mai gam a baya ita ma da nata halin, na yi mata nata shafin akwatuna. Na kuma yi gargaɗi a gaban shaidu: tawadar rini ruwa ke narkar da ita, bokiti kuwa aikinsa ruwa. Magani shi ne a bar bugu ya kwana, a shimfiɗa masa farar leda mai gam ta laminati mai sanyi, sannan a yanka. Ledar tana ɗan ƙara wa launi duhu da kauri, don haka ita ma a kan shafin gwaji ake fara manna ta. Kwamiti ya lissafa kuɗin leda ya ce bokiti ne ba takardar fili ba. Aka manna su tsirara, suka yi kyau, aka raba.

Kwana kaɗan bayan biki na bi ta wajen famfon unguwa da safe, na tarar da amarya a layi, jikin bokitai, tana kuka da hawaye kala huɗu. A wani bokitin ɗankwalin ya gangaro har haɓa, a wani kuma ba abin da ya rage sai haƙora, domin su farin takarda ne, ba tawada a wurin. Matan da ke ɗibar ruwa suna tambayar juna wa ya yi wannan aikin. Na gyara hula na ƙara sauri.

Gwaggo ba ta riƙe ni a zuci ba. Ta aiko da ragowar cincin, da saƙon cewa surukarta ta kusa sauka, katin suna za a yi shi ruwan gwal mai ƙyalli, irin na awarwaronta. Na aika mata cewa firintata ba ta da tawadar ƙarfe, iyakar gwal ɗin da za ta iya rawaya ce mai duhu, sai dai a sayo kati mai ruwan gwal tun daga kanti, wanda ke shan tawada, a buga baƙin rubutu a kai. Yaron aike ya dawo da awarwaron a ƙulle cikin leda, wai in sa shi kusa da na'urar ta gani da kyau.